Littafi cikin wata ɗaya: mai yiwuwa ne ko cika baki?

Ƙanwar Aboabo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi mini dariya. Na ji an ce akwai masu zama su rubuta littafin labari sukutum a cikin watan Nuwamba, daga ɗaya ga wata zuwa talatin. Ina so in gwada bana. Labarin yana kaina tuntuni: wata yarinya ce a unguwar Aboabo, nan Kumasi, da ta gano kakarta tana da wa, wanda aka rabu da shi lokacin korar baƙi daga Ghana ta zamanin Firaminista Busia, kuma gidan da suke zaune ma nasa ne. Matsalata, ban taɓa rubuta abin da ya wuce saƙon waya ba, wuni nake a shagon yayata a kasuwar Kejetia, kwamfuta kuma ba ni da ita. Ta ina ake farawa?

Malam na Asawase: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika ji gaskiya ne. A Amurka aka fara shi a 1999, wani mai suna Chris Baty da abokansa a yankin San Francisco, su 21. A watan Yuli suka yi na farkon, daga shekara ta 2000 aka mayar da shi Nuwamba. Sharaɗin shi ne kalma 50,000 cikin kwana 30, wato kalma 1,667 ke nan kullum. Ƙungiyar da ke shirya abin, NaNoWriMo, ta sanar da rufewa a 2025, amma ai Nuwamba ba na ƙungiya ba ne, mutane suna ci gaba da yi.

Sai dai ki sani tun yanzu, abin da zai fito ranar 30 ga wata ba littafi ba ne, daftari ne, kuma mai muni. Haka ake so. Amfanin gaggawar ɗaya ne tak: ta hana ki waiwaye. Yawancin masu fara rubutu a babin farko suke maƙalewa, su rubuta, su karanta, kunya ta kama su, su goge, su sake, har shekara ta zagayo. Magini ba ya fulasta kafin ya kai linta. Ki kai labarin ƙarshe tukuna.

Direban Pragya (keke mai ƙafa uku): Malam, kalma 1,667 da babban yatsa? Ga wuta sai ta ga dama take zuwa. Ni dai na samu benci na zauna, ina kallo.

Malam na Asawase: Direba, yi lissafi mana. Wanda ke buga kalma 20 a minti ɗaya, awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai ya ishe shi. Kai da kake wuni kana musun ƙwallo a wani zauren, na tabbata kana wuce haka. Bugawar ba ita ke cin lokaci ba, zaman tunanin me zan rubuta ne ke ci. Saboda haka a yi tunanin da rana, a shago ko a trotro (motar haya), in an zauna rubutu a zo da shi a shirye.

Anti Mai Waakye: Ƙwarai mai yiwuwa ne. Marubutan Najeriya da muke bi a WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad ba kullum suke sako shafi ba? Wasu ma da goyo a baya. Ni shawarata ki buɗe zaure ki riƙa sako abin da kika rubuta kowane dare. In kin san mutum hamsin na jiran ki, barci ba zai ɗauke ki ba. Ni ce ta farko da zan shiga.

Uwar Biyu, Sawaba: Anti, a nan kam ban bi ki ba. Ƙanwata, kada ki sako ko layi ɗaya kafin ki gama.

Masu sako shafi kullum sana'a ce daban, kuma galibinsu sun daɗe a ciki. Ke sabuwa ce. Ranar da kika kai babi na goma sha biyar za ki gane ashe wan kakar nan bai kamata a ce ya mutu ba, yana raye a Ibadan ko Sakkwato. In labarin yana hannunki ke kaɗai, sai ki rubuta a gefe "a gyara babi na uku", ki wuce. In kuwa mutane sun riga sun karanta jana'izarsa, sun yi kuka, sun turo miki addu'a, kin ɗaure kanki.

Ga kuma masu sharhi. Za su ce a haɗa ta da wane, a kashe kishiya, a kawo wani ɗan mai kuɗi daga Dubai. In ba ki yi ba su yi fushi, in kin yi labarin ya tashi daga naki. Na ga labarai masu kyau da suka fara da ciwon gaske suka ƙare a bikin da aka kwashe babi huɗu ana lissafa lefe. Sannan a kwafe rubutun, a cire sunanki, ki gan shi yana yawo a wasu zaurukan.

Abu mafi girma kuma, zango, wato unguwanninmu na masu jin Hausa, ƙarami ne. Labarin gida da gado kike so ki rubuta. Ranar da babi na biyu ya fita, wata gwaggo za ta aiko a kira ki, ta ce da ita kike. Ko ba da ita kike ba, daga ranar hannunki zai fara rawa, ki riƙa tausasa kowace magana. Ki rubuta kamar ba mai gani. Sauya sunaye da unguwa da sana'o'in mutane aikin Disamba ne.

Anti Mai Waakye: To in ba mai jira, me zai tashe ta ranar da ta gaji?

Uwar Biyu, Sawaba: Ta sako mana adadi kawai. "Yau 1,200." Kunyar rubuta sifili a gaban mutane ta isa.

Bakano a Tech: Salam. Ni baƙo ne a garin, karatu ya kawo ni jami'ar da ake kira Tech, amma bari in sa baki. Wannan 50,000 ɗin awon Turawa ne. Ku duba littattafan da suka fito daga gasar da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sirara ne, mutum zai karance ɗaya a wuni guda, kuma har gobe ana koyar da su. Gasar Hikayata ta BBC Hausa ma kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema a gajeren labari. Don haka wadda ba ta taɓa rubutu ba, in ta sa wa kanta 30,000, dubu ɗaya kullum, ba ta yi ragwanci ba. Kuma Hausa tana da saurin cika adadi, saboda ƙananan kalmomi irin su ya, ta, na, da, duk na'ura ɗai-ɗai take ƙirga su.

Abin da zan roƙa kawai, a kula da Hausar. Ina jin ana cewa "mata na ya zo", "yarinya ya tafi makaranta". In aka sa wannan a littafi, a Kano ba wanda zai wuce shafin farko.

Direban Pragya: To fa. Na sauko daga benci. Ɗan'uwa, kakana haka ya yi magana, babana haka, limamin unguwarmu haka yake wa'azi, kuma ba wanda ya taɓa ɓata a hanya saboda an ce mace "ya" zo. Kai ma da ka sauka a tashar Kejetia da wannan Hausar aka nuna maka motar Tech.

Bakano a Tech: Ba raini ba ne wallahi. Magana daban, rubutu daban. Akwai daidaitacciyar Hausa, da ita ake buga littattafai.

Anti Mai Waakye: Gaskiya yaron yana da magana. In tana son a saya a Najeriya da Nijar, can ne masu karatu suke. Mu nan nawa ne muke karanta Hausar boko? A makaranta Twi, harshen Asante, aka koya wa yawancinmu, Hausa a gida da makarantar allo muka same ta.

Uwar Biyu, Sawaba: Ni abin da nake yi, mai ba da labari ya yi daidaitacciya, mutanen cikin labari kuma su yi maganarsu yadda suke yi. Tsohuwar Aboabo ba za ta buɗe baki ta yi Kananci ba, in ta yi ƙarya ce, kuma mai karatu na nan zai ji ƙaryar nan take. In tana ciniki da Asante a kasuwa ta jefa Twi, a bar mata kayanta, amsar da za a ba ta ita za ta fahimtar da wanda bai ji ba.

Tsohon Akawu, Alabar: 'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ne ke buga mini wannan.

Ɗana Bakano, sannu da zuwa. Rubutun Hausa a ƙasar nan ba yau ya fara ba. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga da ke arewacin Ghana, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete Krachi, a can ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da ajami da Larabci, har da abin da ya gani na rushewar Salaga da zuwan Turawa. Mutanen da suka watse daga Salaga suna cikin waɗanda suka cika zangunan kudu. Hausarmu ta yi tafiya, ta zauna da Dagomba da Mosi da Asante da Yarbawa, dole ta sauya. Wannan ba ciwo ba ne.

Amma ba wannan ya sa na ce a buga mini ba. 'Yata ta Aboabo, labarin da kika ɗauko mai nauyi ne, kuma masu iya ba ki shi suna ƙarewa. Dokar korar baƙin nan ranar 18 ga Nuwamba 1969 aka fitar da ita, aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mako biyu, ga mutumin da a nan aka haife shi, bai san ko hanyar garin ubansa ba. Ina saurayi lokacin. Maƙwabcinmu tela ne. Na ga ya fito da keken ɗinkinsa bakin titi yana neman mai saye, ana taya shi kuɗin da ko ƙafar keken bai kai ba, ga kayan mutane da bai gama ɗinkawa ba yana bi gida-gida yana mayarwa, kowanne a naɗe da yankakken ƙyallensa. Matarsa ta kawo wa mahaifiyata makullin ɗaki da wata tukunyar ƙarfe, ta ce a ajiye mata, in abu ya lafa za su dawo. Makullin nan a kan ƙusa ya tsufa.

Irin wannan ba za ki same shi a waya ba. Kafin ɗaya ga wata ki sayi goro ki je ki zauna da tsofaffin unguwa. Kada ki tambaye su tarihi, za su yi miki jawabi. Ki tambaye su me aka ci ranar, wa ya raka wa tasha, me aka ɗauka me aka bari, wa ya saye gidan wa. Ki nemi izini ki naɗi muryarsu. Kuma ki tuna a 1983 Najeriya ta kori baƙi ita ma, 'yan Ghana suka dawo gida cikin wahala. In wan kakar taki Najeriya ya tafi, ai kin ga wata ƙofar ta buɗe miki.

Ƙanwar Aboabo: Baba, Allah Ya ƙara girma da lafiya. Wallahi makullin nan ya tsaya mini a rai. Kun yarda in sa shi?

Tsohon Akawu, Alabar: Sa shi 'yata. Amma ki mai da telan wani abu daban, jikokinsa suna nan da rai a wani wuri.

Malam na Asawase: Baba ya kawo mu inda ya kamata. Bincike kafin wata ya kama ake yi. In Nuwamba ya shiga, an rufe wannan ƙofar. Kina cikin rubutu kika rasa sunan motar da ake hawa zuwa iyaka a lokacin, ko kuɗin mota, kada ki tsaya nema. Rubuta TAMBAYI BABA da manyan baƙaƙe ki ci gaba. In kin fita neman abu ɗaya a intanet, sai ki farga kina kallon bikin wasu a TikTok.

Maganar "ya" da "ta" ma haka. Ni ban raba gardamar ba, kowa yana da hujja. Amma ba gardamar Nuwamba ba ce. Ki rubuta da Hausar da take zuwa miki da sauri, wadda kike mafarki da ita. In kika tsaya a kowace jimla kina tambayar kanki tukunya mace ce ko namiji, rabin adadinki ya tafi. Daga baya a zauna da irin su Bakano a duba.

Bakano a Tech: Na yarda da wannan. Ni zan duba mata kyauta in ta gama, da sharaɗin ba zan taɓa maganar tsofaffin ba.

Direban Pragya: A rubuta a ajiye, ya faɗa da bakinsa.

Mai Gyaran Waya, Adum: Bari in yi maganar ɓangarena, don ni ake kawo wa kuka. Ki sa Hausa a cikin harsunan Gboard, wato madannin rubutu na waya, za ki samu ɓ, ɗ, ƙ. Ki kashe gyaran kalma na kai tsaye, in ba haka ba waya za ta riƙa mai da miki Hausa Turanci kina faɗa da ita. Ki yi rubutun a Google Docs, yana ƙirga kalmomi, kuma ana iya saita shi ya yi aiki ba data. Kowane babi fayil ɗinsa daban, don dogon fayil yana sa ƙaramar waya nauyi. Kowane dare ki kwafe abin da kika rubuta ki tura wa kanki ta imel. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a cunkoson kasuwa, allo yana mutuwa. Wanda ya ajiye rubutunsa wuri ɗaya, in ya zo shagona ba abin da zan iya yi masa sai jaje.

Anti Mai Waakye: Ko ta sayi littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Ba caji, ba data, ba mai turo saƙo.

Mai Gyaran Waya, Adum: Shi ma ya yi, amma ta riƙa ɗaukar hoton shafukan. Kuma ta san akwai ranar bugawa a gaba.

Ƙanwar Aboabo: Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya. Sai na tsara labarin duka kafin in fara, ko in shiga kawai? Na san farkonsa, na san ƙarshensa kaɗan-kaɗan, tsakiyar ce duhu.

Uwar Biyu, Sawaba: Tsakiya ai kowa duhu take masa. Makon farko daɗi, kamar ana zuba miki. Mako na biyu ne ake gane wa zai kai. Abin da kika daɗe kina riƙewa a kai ya ƙare, sai ki ga labarin banza ne, kuma a daidai lokacin wani sabon labari zai zo yana miki kwarkwasa. Kada ki kula shi, rubuta shi a layi biyu ki ajiye.

Ba sai kin tsara komai ba. Ki samu takarda ɗaya ki jera abubuwa talatin da za su faru, kowanne layi guda. Ba "Ta yi baƙin ciki" ba, wannan ba abin da ya faru ba ne. "Ta tsinci takardar gida a ƙasan adakar kaka." "Kawu ya hana ta shiga ɗakin." "Ta je Aboabo tasha tana neman tsohon ɗan kamasho da ya san wanda ya tafi." Kowace rana ki ɗauki ɗaya. In jerin ya sauya a hanya, madalla, labarin ya fara numfashi ke nan.

In kin maƙale, tambaya biyu: me yarinyar nan take so a wannan babin, wa ya tsaya mata a gaba? In ba mai hana ta, shi ya sa rubutun ya tsaya. Kuma kawun nan kada ki mai da shi shaiɗan. Shi ma a gidan aka haife shi, shi ya yi rufin kwano, shi ya biya kuɗin ƙasa shekara da shekaru. Ki ba shi gaskiyarsa, sai labarin ya yi zafi.

Wata dabara, kada ki tashi a ƙarshen babi. Ki tashi ana tsakiyar rigima, an ɗaga hannu ba a sauke ba. Gobe da asuba ba sai kin nemi bakin zare ba.

Malam na Asawase: Sai dai a guji cikon banza. Na san masu cika adadi da gaisuwa: ina kwana, lafiya lau, ya gida, ya yara, ya gajiya, har shafi ya cika ba a ce komai ba. Ko a tsaya kwatanta leshi da takalmi da jaka.

Uwar Biyu, Sawaba: Malam, a daftari ni ban hana ba. Sau da yawa ta cikin gaisuwar ne nake jin muryar mutum, in gane wa ke jin haushin wa. Gwaggon da ta amsa "lafiya" ɗaya ta yi shiru ta gaya maka komai. Daga baya a yanke abin da bai yi aiki ba.

Malam na Asawase: In za a yanke, ba gardama. Tsorona kada a ga adadi ya cika a ɗauka an gama, ranar ɗaya ga Disamba a kai wa mai buga littafi.

Direban Pragya: Tambaya tsakani da Allah. In mutum ya naɗi labarinsa da murya yana jiran fasinja, ya shiga lissafi? Ba don ni ba, wani abokina ne.

Anti Mai Waakye: Abokin naka mai pragya ne shi ma?

Malam na Asawase: Ya shiga, ranar da ya zauna ya mai da shi rubutu.

Ƙanwar Aboabo: To na yanke. Kalma 1,000 kullum, 30,000 a wata. Rabi bayan sallar asuba kafin in fita, rabi bayan isha'i. Ranar Juma'a in na samu sarari in ƙara, don in rage bashin ranakun da biki ko suna zai cinye. Wannan makon zan fara zuwa wurin tsofaffi. Baba, in kun ba da izini zan fara da ku.

Tsohon Akawu, Alabar: Ki zo bayan la'asar, ban da Alhamis. Goron fari nake ci.

Mai kula da zaure: To jama'a, ga yadda za a yi. Duk mai shiga ya rubuta "ina ciki" a ƙasa kafin 31 ga Oktoba, tare da adadin da ya ɗaukar wa kansa. Daga ɗaya ga Nuwamba, kowane dare kafin ƙarfe goma sha ɗaya a sako adadin ranar, lamba kawai. Wanda ya sako babi zan goge. Gardamar Hausar Kano da ta zango an ɗage ta zuwa Disamba, wanda ya tayar da ita kafin nan zai sayi data ya raba.

Uwar Biyu, Sawaba: Ina ciki, 50,000.

Bakano a Tech: Ina ciki, 20,000, jarrabawa na tafe.

Direban Pragya: Abokina ya ce a sa masa 15,000.